Wasan Katsina da Daura: linzamin kwamfuta a kan PlayStation (PS) maguɗi ne ko iyawa?

Sadiq Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wallahi tun daren jiya raina a ɓace yake. Wasan harbi na Call of Duty da muka buga da yaran Daura, mu huɗu su huɗu, kowa ya ga abin da aka yi mana. Na daɗe ina riƙe pad, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga game, na san yadda hannun mai pad yake juya bindiga. Ku duba hoton da ake maimaita wa mutum bayan an kashe shi: yaron ya ba ni baya yana gudu, kafin in danna ya juyo ya tsaya cak a kaina, ba rawa, ba gyara. Yau da safe sai ga hoto a status ɗin ƙaninsa. PS a ƙasa, wani ɗan akwati baƙi da wayoyi a jikinsa, linzamin kwamfuta a kan faranti da aka kife, kibod a cinya. Kafin in ɗauka an goge. Wanda ya yi mana haka ɓarawo ne. A soke sakamakon.

Ɗan Kusugu: Wa alaikumus salam. Ɓarawo? Me ya sata maka, Sadiq? Wayarka ko takalminka?

Sadiq Ƙofar Ƙaura: Nasara ya sata.

Ɗan Kusugu: Nasarar da ba ka taɓa riƙewa ba? A yi maka ci a fili ka zo nan kana kiran ɗan mutane ɓarawo. Ina hoton? Ka ce an goge. To da me za mu kama?

Malam na Sabon Layi: Ƙanena Sadiq, ka ji tsoron Allah a kan wannan kalma. Ba a jifan musulmi da sata ba tare da shaida ba, ko da a wasa ne. Yaron nan yana da iyaye, yana da 'yan'uwa a cikin zauren nan. Ka janye ta, sannan a saurari ƙorafinka.

Injiniya: Ku bari in yi bayani, don na ga da yawa ba su san abin da ake magana a kai ba. Call of Duty tun Modern Warfare na 2019 ya yarda ka jona linzami da kibod kai tsaye a PS ko Xbox. Wannan ba laifi ba ne, game ɗin ya san da me kake bugawa, har alama yake sakawa kusa da sunanka. Amma da zarar ka zaɓi linzami, sai ya cire maka taimakon saiti, wato wannan ɗan jan da ake yi wa mai pad idan bakin bindigarsa ya kusanci abokin gaba. An saka shi ne saboda babban yatsa a kan ɗan sandan pad ba zai taɓa kai tsintsiyar hannu daidaito ba. To akwatin da Sadiq ya gani, irin su XIM ko Cronus Zen, aikinsa shi ne ya yi wa na'urar ƙarya. Kana jona pad na gaske a jikinsa don PS ta yarda, ka jona linzami da kibod, shi kuma ya riƙa fassara motsin linzami zuwa motsin sandan pad. PS tana ganin pad, sai ta bar maka taimakon saiti. Ka haɗa daidaiton linzami da taimakon da aka yi don mai pad. Nan matsalar take.

Ɗan Kusugu: Injiniya duk mun ji. Amma ka amsa mini: ɓarawo ne ko ba ɓarawo ba ne?

Injiniya: Ni ban zo kan wannan ba.

Ɗan Kusugu: To ai a kan wannan muke.

Haidar Layout: Idan mutum ya shiga dambe ya ɗaure ƙarfe a cikin hannu ya kayar da kai, me za ka kira shi? Jarumi? Ku daina kewaye-kewaye. In ba ku son ɓarawo mu ce macuci.

Malam na Sabon Layi: Macuci ma zagi ne, Haidar.

Haidar Layout: To Malam mu ce masa Alhaji?

Ummi Gamer: Ni abin da yake ba ni haushi, duk lokacin da 'yan Daura suka ci sai an nemo dalili. Wancan karon cewa kuka yi netwok ɗinku ne ya yi nauyi. Kafin nan kuka ce an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa. Yanzu kuma akwati. Yaushe za ku ce an fi ku?

Sadiq Ƙofar Ƙaura: Ummi ke ba ki buga ba, ba ki ga yadda yake juyowa ba.

Ummi Gamer: Na kalla daga farko har ƙarshe. Kai ne kake shiga lungu ɗaya kullum, ko makaho ya haddace hanyarka.

Bash Xbox: Da Xbox kuke bugawa da duk wannan bai taso ba. Tun Nuwamban 2023 Microsoft ta fara toshe kayan da ba ta amince da su ba.

Haidar Layout: Ka ji mai Xbox ya samu ƙofa. Ku nawa ne a duk faɗin Katsina? Kuma Sony ma ta fitar da sabuntawa a Janairun 2024 da ta hana Cronus Zen aiki a PS5, don haka ka zauna.

Bash Xbox: Ta hana na ɗan lokaci, masu Cronus suka samo wata hanya. Kuma yawanku PS4 ce a hannunku, kada ka zo kana mana fankama da PS5.

Haidar Layout: PS4 ɗin da kake zuwa gidanmu kana roƙon a ba ka hannu ɗaya?

Injiniya: Ku tsaya, ana haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. XIM an fi saninsa da fassara linzami. Cronus Zen kuwa har ƙananan umarni ake loda masa, ya riƙe maka bindiga kada ta yi sama idan kana harbi, ko ya riƙa danna harbi da saurin da yatsa ba zai iya ba. Kuma Sadiq, gaskiya ɗaya ce: akwatin ba ya wuce iyakar saurin juyawar da game ya ba pad, tunda a matsayin pad yake shiga. Mai pad da ya ƙure saurin juyawarsa, ya kuma saba, zai iya yin abin da ka gani. Juyowa kaɗai ba hujja ba ce.

Ɗan Kusugu: Alhamdu lillahi. Injiniya ya wanke mu.

Injiniya: Ban wanke kowa ba. Kamfanonin da kansu sun ɗauke shi maguɗi. A 2023 kamfanin Ubisoft ya saka wani tsari mai suna MouseTrap a wasansa na Rainbow Six Siege, idan ya gano kana amfani da akwatin sai ya riƙa ƙara maka jinkiri tsakanin dannawa da motsi har wasan ya gagare ka. A shekarar ce kuma masu Call of Duty suka sanar cewa tsarinsu na kama masu maguɗi mai suna Ricochet ya fara gano irin waɗannan na'urori.

Ɗan Kusugu: To me ya sa Ricochet ɗin bai kama shi ba jiya?

Haidar Layout: Duk ɓarawon da ba a kama ba ya zama mai gaskiya ke nan?

Malam na Sabon Layi: Ga shi an sake maimaita kalmar. Inna lillahi.

Yaya Nura: Ni tambayata daban. Akwai ɗan unguwarmu da ya yi haɗarin babur, babban yatsansa na dama ba ya lanƙwasuwa. Da linzami kaɗai yake iya bugawa. Shi ma macuci ne?

Injiniya: Yaya Nura, a Call of Duty ya jona linzaminsa kai tsaye, ba ya buƙatar akwati. Akwai ma pad da aka ƙera don masu lalura, Xbox ta fitar da nata a 2018, Sony a Disambar 2023.

Yaya Nura: Ka faɗa mini shagon da zan same shi a babbar kasuwa in je yanzu.

Ummi Gamer: Kuma ku tuna, ranar da aka tsara gasar nan babu wanda ya rubuta cewa pad kaɗai. Ku koma sama ku duba.

Sadiq Ƙofar Ƙaura: Sai an rubuta? Kowa ya san gasar PS ta pad ce.

Ɗan Kusugu: Ka janye ɓarawo tukuna. In ba haka ba mu 'yan Daura mun fita daga zauren nan gaba ɗaya, ku buga da junanku.

Sadiq Ƙofar Ƙaura: Ba zan janye ba sai ya zo ya rantse.

Admin: Ya isa haka. Na karanta komai, ga abin da na fahimta. Kusan kowa ya yarda cewa akwatin nan maguɗi ne, Injiniya ya kawo hujjoji daga kamfanoni, ba wanda ya iya musawa. Yaron da ake magana a kansa yana cikin zauren nan, yana karantawa, bai ce uffan ba, kuma goge status ɗin da aka yi ya isa mai hankali ya gane. Maganar kalma kuwa, Sadiq zafin rai ne ya ɗebe shi, duk wanda aka yi wa haka zai faɗi fiye da wannan, don haka a bar ta. Sakamakon jiya an soke. Za a sake bugawa ranar Asabar bayan la'asar a shagona, kowa a gaban kowa, da pad ɗin shago, ba mai shigowa da nasa. 'Yan Daura su kama hanya da wuri. Na rufe zauren sai bayan isha'i.