Lilon fendulum a babbar kusurwa: ina integiral ɗin eliftik yake shigowa?

Malamin Fiziks: Assalamu alaikum. Dabarar lokacin lilo ɗaya (zuwa da dawowa) na fendulum, wato ƙwallon da aka rataye da zare, T₀ = 2π√(L/g), inda L tsawon zare ne, g kuma ƙarfin jan ƙasa, tana ba da daƙiƙa 2.006 ga zare mai mita 1, amma idan aka saki ƙwallon daga digiri 90 sai a auna kusan 2.37. Yaya za a nuna wa ɗaliban shekara ta biyu dalilin ba tare da sun ruɗe ba?

Mai Lissafi: Wa alaikumus salam, Malam. Waccan dabarar ta ɗauka sin θ daidai yake da θ (kusurwar zaren daga tsaye, a ma'aunin radiyan), wanda ba ya tsayawa sai a ƙaramar kusurwa. Ka fara da adana makamashi, ka sa sin(θ/2) = k sin φ, inda k = sin(θ₀/2), θ₀ kuwa kusurwar da aka saki ƙwallon ce. Sai ainihin lokacin lilon, T = 4√(L/g)·K(k), ya fito, K kuwa cikakken integiral ɗin eliftik ne na nau'in farko. Ƙarin lokacin kashi 0.2 cikin ɗari ne a digiri 10, 1.7 a digiri 30, 7.3 a digiri 60, 18 a digiri 90. Ni dai na fi son a lissafa K da hanyar Gauss, domin kalkuleta ma ta isa: ɗauki 1 da cos(θ₀/2), ka fitar da matsakaicinsu na tarawa, (a + b)/2, da na ninkawa, √(ab), ka maimaita da sababbin lambobin. A digiri 90 za ka samu 0.8536 da 0.8409, zagaye na biyu duka sun koma 0.8472. Raba 2.006 da shi, ga 2.368. Aikin lissafi na Jacobi da ake kira sn, mai ba da kusurwa a kowane lokaci, a bar shi sai wannan ya zauna musu.

Injiniya: A kiyaye da SciPy, manhajar lissafi ta kwamfuta. Umarninta na lissafa K, wato ellipk, yana karɓar m = k², ba k ba. A digiri 90, wanda ya sa 0.7071 maimakon 0.5 zai ga T/T₀ ya zama 1.33 a wurin 1.18.

Mai Ɗakin Gwaji: Malam, kada a ƙirga lilo 20 a raba kamar yadda aka saba. Iska tana rage kusurwar a kowane zagaye, sakamakon sai ya yi ƙasa da lissafi. A yi amfani da ƙwallon ƙarfe mai nauyi, a rataye shi da zare biyu kamar harafin V don kada ya karkace, a ɗauki bidiyo da waya, a auna lilon farko kaɗai. Sama da digiri 90 zare yana sakwarkwacewa, sai sanda, kuma dole a sa nauyin sandar cikin lissafin T₀.