"Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa": hana ni ya yi ko tura ni ya yi?

Ɗan Marusa:
Salamu alaikum 'yan uwa, an wuni lahiya. Dan Allah masana Hausa ku warware mani wata magana. Kwamfutar tebur nike haɗawa saboda aikin bidiyon biki da nike yi, laftof ɗina ta gaji wlh, bidiyon kamu guda in na sa ta fitar sai ta ɗau zafi kamar tandar masa. Na riga na sayi furosesa Ryzen 7 5700X da girafik kad RTX 3060, madabod, wato allon da ake dasa su a kai, ma na nan, saura kes, akwatin da ake haɗa komai ciki, da abin sanyaya furosesa tunda wannan ba ya zuwa da fankarshi a kwali. To kes biyu na gani a wani shago a Kano, guda gabanshi gilas ne baƙi wuluk da fitilu masu canza kala, guda kuma gaban raga ce duk huji, ba wani kyau gare shi ba. Na nuna ma yayana hotunan ya ce mai ragar ya fi shan iska, na ce yaya ƙurar Katsina fa, in hunturu ya shigo ai cikinta sai ya koma kamar an yi tankaɗe. Sai kawai ya ce mani "kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa", ya ta da mashin ya tahi. Tun jiya nike juya maganar nan. Cewa ya yi in saya in haƙura, ko ko cewa ya yi in na saya kar in zo mashi da kuka?

Sarkin Gem na Layout:
Hhhh ai a fili take, gargaɗi ne. Ka sayi mai huji ka sha ƙura, shi ke nan. Ɗau mai gilas ka sa mata na'urar sanyaya furosesa ta ruwa mai lagireto na milimita 360, magana ta ƙare. Tawa haka take kuma in dare ya yi ɗakina kamar wurin dina

Malam Na-Kusugu:
Wa alaikumus salam. Yaro ka kawo magana mai daɗi. Yadda muka taso muka ji manya na faɗinta nan Daura, ana yi ma mutum ita ne in ya shiga abu ido buɗe, ya san halin abin, sannan ya dawo yana ƙorafi. Mutum ya auri mace ya san sarai 'yar kasuwa ce ba ta zaman gida, bayan wata uku ya kai ƙara wurin waliyyinta, to nan ne za a ce mashi kowa ya sayi rariya. Ba ta hana saye, ba ta kuma sa saye. Bakin mai ƙorafi take rufewa. Wasu na cewa "wanda ya sayi rariya", duk ɗaya ne. Saboda haka yayanka bai ce ka saya ba, bai ce ka bari ba, ya dai wanke hannunshi ne tun da wuri.

Maman Walid:
Baba Malam a gafarce ni, ni dai ina da ja kaɗan. Ku maza kuna maganar rariya kamar wata aba mai aibi da aka haƙura da ita. Mu da muke madafi mun san ba haka ba ne. In na je kasuwa sayen rariya aka ba ni wadda ba ta zubda ruwa ai maida ta zan yi, don kwano aka saida mani. In zan tace gasara ko in tsane taliya, zubar nan ita na biya ma kuɗi. To ni a fahimtata yayan nashi cewa yake hujin da kake gudu shi ne aikin, ba wai lahani ba ne da za ka daure ma.

Malam Na-Kusugu:
Hajiya kin yi magana, amma karin magana ba a auna ta da abin da rariya ke yi a madafi, ana auna ta da inda mutane ke jefa ta. Ni ban taɓa jin an faɗe ta wurin yabo ba, ko sau guda. Kullum sai an yi kuka ake jawo ta.

Maman Walid:
To ai shi ma kukan ya fara Baba, tun bai saya ba ya fara kukan ƙura 😂

Injiniya Ƙofar Ƙaura:
Ni ba malamin Hausa ba ne, gyaran kwamfuta nike yi, amma bari in sa baki don ina ganin Anti Maman Walid ta fi kusa da abin da ke cikin kes ɗin, ko da Malam ya fi ta kusa da abin da ke cikin littafi.

Ƙanena ka fara gane wannan: fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Ba ta da wani aiki illa ta kwashi zafin da ke jikin ƙarfe ta miƙa ma iskar ɗakinka. Kad ɗinka in yana aiki sosai yana cin wajen wat 170, furosesar an rubuta mata 65 amma in ana fitar da bidiyo tana ɗan haura haka, kuma duk wutar nan zafi take komawa cikin akwati guda. In gaban akwatin gilas ne a toshe sai 'yar tsaga a gefe, fankokin gaba na ta juyi ne kawai suna neman iskar da babu, ga ƙara ga fitila, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Su masu gwajin da kake kallo a YouTube galibi a ɗaki mai sanyin digiri ashirin da 'yan kai suke yi. Kai kuma a watan Afrilu garin nan na haura 40, in ɗakinka rufin kwano ne ba silin kirki kuma an ɗauke wuta kana kan inbata ba esi, to duk lambar da ka gani wurinsu ƙara mata sha biyar ko fi. 5700X iyakar zafinta digiri 90, tana isa nan za ta rage gudu da kanta don kar ta ƙone, bidiyon da zai fita a minti arba'in ya koma awa guda da wani abu, amarya na ta kiran waya.

Ƙura kuma gaskiyarka ce, za ta shiga. Amma abin da mutane ba su lura da shi ba, mai gilas ɗin ma tana shiga, ta ƙasa, ta baya, ta duk wata kafa da ba tace. Na sha buɗe irinsu bayan hunturu in tarar da haƙarƙarin abin sanyaya ya toshe kamar an liƙa bargo. Bambancin kawai a mai raga kai ka zaɓa mata ƙofa ka sa mata matata.

Sarkin Gem na Layout:
Oga shi ya sa na ce ya sa ta ruwa ai. Ruwa ya fi iska sanyi kowa ya sani, ko randa ka duba

Injiniya Ƙofar Ƙaura:
Yawwa, gara da ka kawo randa da bakinka. Me ke sa ruwan randa sanyi? Jikinta ne ke tsattsafo, ruwan na fita ta ƙananan kafofin yumɓu iska na busar da shi yana tafiya da zafin, shi ya sa ta fi sanyi lokacin da iska ta bushe. Shafe ta da fentin mai ka gani in za ta ƙara sanyaya maka ruwa. Ita ma randar da zuba take aiki. Taka ta ruwan kuwa a rufe take ruf, famfo ne ke kai ruwa lagireto, fankoki su hura lagireton da iskar ɗakin nan dai mai zafi. Ba za ta taɓa sauka ƙasa da zafin ɗaki ba. Kuma lagireton da ka manna bayan gilas shi ma numfashi yake nema.

Ban ce ba ta da amfani ba fa. Mai babbar furosesa da ke cin wat ɗari biyu da wani abu, ta ruwa na yi mashi rana. Amma 5700X? Asarar kuɗi ce.

Bature Mai Shago:
Ni a nan ma nike ganin karin maganar ta fi zama daram. Ka sayi abu mai ruwa a ciki ka rataya bisa kad ɗin da ka sayo da kuɗin gumi, ran da ya ɗiga kar ka zo mana da kuka, kowa ya sayi rariya. Haka nike ce ma kwastomomina.

Malam Na-Kusugu:
A'a Alhaji, nan kam ban bi ka ba, kuma wannan shi ne irin amfanin da ke ɓata karin magana. Rariya hujinta a fili yake, mai saye ya ɗaga ta ya hango rana ta ciki kafin ya biya. Abin da aka ce maka a rufe yake ba ya zuba, in ya zuba ba rariya ba ne, tulu ne mai tsaga aka saida maka. Ko a shari'a aibin da aka ɓoye ma mai saye yana da damar maida kaya. Mai shago ba shi da hurumin fakewa da maganar nan. In kana son wadda ta dace da mai jawo ruwa cikin na'urarshi don ado, ga "tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka", ita ma ɗin abokinshi ne zai faɗa mashi, ba wanda ya karɓi kuɗinshi ba.

Bature Mai Shago:
Allah ya huci zuciyar Malam, wasa nike 🙏 amma dai ana samu

Injiniya Ƙofar Ƙaura:
Ana samu amma ba kasafai ba, gaskiya ɗiga ba shi ne ya fi kashe su ba. Famfon ne ke mutuwa, ko ruwan ya yi ta raguwa a hankali ta jikin tiyo cikin shekaru har iska ta taru ka fara jin ƙurr ƙurr, musamman in an ɗaura ta yadda famfon ya zama shi ne can sama da lagireto. In ta mutu kuma ba gyara, sabuwa za ka nema, wata kila sai an aiko maka daga Legas. Ta iska kuwa ƙarfe ne da fanka. Abin dariyar ma ita ma akwai ɗan ruwa cikin bututun jan ƙarfen nan nata, yana tururi ya hau sama ya huce ya dawo, ba famfo ba komai. Abin da zai iya lalacewa fanka ce kawai, ka cire ka sa wata mai milimita 120, ko ina akwai.

Ɗan Marusa:
To Injiniya in na ɗau mai ragar me zan duba kafin in biya? Don ni girman kawai na kalla

Injiniya Ƙofar Ƙaura:
Fara da madabod ɗinka. In cikakken ATX ne, wato babban bod, 305 da 244 a milimita, ba zai shiga ƙaramin kes na micro-ATX ba, amma ƙaramin bod na shiga babban kes lahiya lau. Sai tsawon abin sanyaya, nan ne mutane ke kuka. Noctua NH-D15 tsayinta 165, kes da yawa murfin gefe ba ya rufuwa a kanta, ga tsada. Irin su Thermalright Peerless Assassin 120 SE 155 ce, kuma ta ishe ka har da saura. Kowane kes an rubuta iyakar tsayin da yake ɗauka da iyakar tsawon kad, karanta, in mai shago bai sani ba sa tef ka auna, kar ka ji kunya.

Fankoki kuma, biyu ko uku a gaba suna jawowa, guda a baya tana fitarwa. Iska mai shiga ta fi mai fita yawa, sai iskar ta riƙa turo kanta waje ta sauran kafofin maimakon ta tsotso ƙura ta nan. In kes ɗin na ɗaukar fankoki masu milimita 140 sun fi, suna tura iska da yawa ba hayaniya. Ka tabbata akwai matata da ake zarewa a gaba da kuma ƙasa wurin fawa sufulai, na'urar da ke raba ma kayan wuta. Kar ka aje ta ƙasa bisa kafet, ɗora ta bisa tebur, nesa da taga. Da hunturu duk sati biyu zare matatar ka kakkaɓe, in ka wanke sai ta bushe ƙarau. In za ka hura ciki da bulawa zare waya daga soket kuma ka danne fankokin da yatsa kar su yi ta gudu. Sannan don girman Allah ɓare ledar da ke manne ƙasan abin sanyaya kafin ka shafa man da ake sa ma kan furosesa ka ɗaura, an kawo mani guda uku da ita a jiki.

Af, in gefen gilas ne kar ka jingina shi bisa tayil. Yana taɓawa zai iya tarwatsewa kamar tsakin masara.

Maman Walid:
Kun ji ko, ashe har wanke rariyar ake a shanya. Baba Malam na ci ko ban ci ba?

Malam Na-Kusugu:
A wurin na'ura kin ci Hajiya, ba ni da ta cewa tunda Injiniya ya yi bayani. A wurin Hausa kuwa ina nan kan bakata. Da yayan yaron nan yabon ragar ya so yi da ya nemo wata maganar, Hausa ba ta ƙare ba. Ya ɗauko wadda ake rufe bakin mai mita da ita ne saboda ya san ƙanenshi, ya san watan Janairu na zuwa.

Ɗan Marusa:
Wlh Baba kamar ka san ni 😅 yanzun nan na kira shi na karanta mashi duka, ya ce shi bai yi wannan dogon tunanin ba, sauri yake kar ya rasa jam'in la'asar. Amma ya ce in gaya ma Anti ita ta gane shi, in gaya ma Malam kuma shi ya gane ni.

Mai ragar zan ɗauka in sha Allahu. Injiniya bod ɗin B550 ne amma ban san ko babba ba ne ko ƙarami, bari in koma gida in duba kwalin.

Sarkin Gem na Layout:
Ko fanka guda mai fitila ka sa mata dai, kar ta zama kamar akwatin mitar wuta

Injiniya Ƙofar Ƙaura:
In ka ga harafin M bayan B550 ɗin ƙarami ne. Turo hoton kwalin.