Na haɗa mota a gida, wa zan tambaya kafin in hau titi da ita?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum jama'a. Walda ce sana'ata, a nan cikin Katsina. Shekara biyu ke nan ina fama da wata tsohuwar Volkswagen Beetle ta marigayi kawuna, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Legas. Bodin ya ruɓe, awaki ma sun mai da shi ɗakin kwana, sai na kwance shi gaba ɗaya na bar shasi da inji. Na sayo fayif da faranti a Ƙofar Ruwa ta Kano na ƙera mata sabon bodi, kujera biyu, babu rufi. Injin a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu zancen lagireto. Tana tashi bugu ɗaya. Ranar Juma'a bayan la'asar na ɗan zagaya da ita cikin lungunmu, yara suka biyo ni da ihu har bakin titi, nan na ja birki na juyo, don ba ni da ko fallen takarda a aljihu.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, duk bidiyon da na kalla a YouTube maganar wani gwajin mota mai suna IVA suke yi, wai sai an auna tsinin kowane ƙarfe. Wani kuma mai zama a bakin wani ofis ya ce in kawo dubu tamanin ya fito min da komai cikin kwana uku, ko ganin motar ba sai an yi ba. Hankalina bai kwanta da shi ba. Don Allah wanda ya sani, ina ake samun magana tsayayya?

Injiniya daga Daura:

Wa'alaikumus salam. Malam, sannu da ƙoƙari. Wannan IVA dokar Birtaniya ce, hukumarsu ta DVSA ke yin gwajin, kuma tun 2009 ya maye gurbin wanda ake kira SVA. Su can akwai kamfanoni irin Caterham da ke sayar maka da mota a warwatse ka haɗa a garejinka, shi ya sa suka yi mata tsari nata daban, har da lamba mai farawa da Q ga motar da aka kasa tantance shekarunta. Kalli bidiyon don ka ƙaru, akwai hikima a ciki, musamman batun kada a bar ƙarfe mai kaifi inda zai yanki mai tafiya a ƙasa. Amma babu jami'in da zai tsayar da kai a hanyar Daura ya tambaye ka IVA.

A nan aikin a rabe yake. VIO na jiha su ke duba mota su ba da takardar shaidar lafiyarta. Rajista da lasisin mota a ofishin lasisi na hukumar tara haraji ta jiha ake yi. Lamba kuwa tsarinta na hannun hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC. Ka nemi dokokin hanya na ƙasa na 2012, National Road Traffic Regulations, ka karanta sashen rajista da na yadda ya kamata mota ta kasance. Idan kuma burinka ka riƙa ƙerawa kana sayarwa, wannan wata magana ce, ta shafi NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa da ke Abuja, wadda Jelani Aliyu ya taɓa shugabanta, da kuma SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki.

Tsohon Direba:

Yaro, bari in tambaye ka abu ɗaya, don injiniya ya tsallake shi. Lambar shasin tana nan? A Beetle, in ka ɗaga kujerar baya, za ka gan ta a buge jikin ƙarfen nan mai tudu da ya ratsa tsakiyar motar. Wannan lambar ita ce sunan motar a wurin hukuma, bodi riga ce kawai. In tana nan kuma ta yi daidai da tsofaffin fatikulan kawunka, to kai tsohuwar mota ce ka sake wa fasali, abin da za ka yi shi ne ka sanar da canjin bodi da launi, a kuma mai da ita sunanka. In kuwa ka sa giranda ka goge ta ko ka bi ta da walda, ka saya wa kanka aiki, domin motar da aka goge wa lamba kallon ta sata ake yi mata, ko da gadonka ce.

Na yi shekara talatin ina jan 504 tsakanin Katsina da Jibiya, na ga masu karɓar takarda ta bayan gida. Ranar lafiya takardar tana aiki. Ranar da aka yi haɗari aka buga lambar a kwamfuta ba a same ta ba, mai dubu tamanin ɗin nan wayarsa a kashe take. Tsaya ka shiga ofis da ƙafarka, ka nemi babban jami'in duba motoci, ka kai masa hotuna, abin da ya ce ka rubuta. Kuma tunda motar gado ce, ka fara sasantawa da 'ya'yan marigayin a rubuce, kada ka gama wahala wani ya ce ta babansa ce.

Maman Khalifa:

Ni a harkar inshora nake. Mafi ƙarancin inshora ta motar gida, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, naira 15,000 ce tun Janairun 2023. Ka faɗa wa kamfanin gaskiya cewa an sake wa motar bodi, kada a rubuta Beetle kawai a wuce. Kuma don Allah ka sa bel mai kyau da ƙarfen kariya a saman kai, tunda babu rufi.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Hajiya, ƙarfen kariya na riga na yi, bel ne saura, da waifa da fitilar sigina ta hagu da ke wasa da ni.

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta hana ni barci. Bayan isha'i na ɗauki tocila na je na duba. Alhamdulillahi lambar tana nan, saura ƙiris da na ɗora maƙalin kujera a kanta. Sai dai tsatsa ta ci harafi ɗaya, na kasa gane 3 ne ko 8, kuma ban taɓa wurin ba. Gwaggo ta ce takardun kawu na cikin wata adaka a ƙauye wajen Batagarawa, gobe zan hau mashin in ɗauko. Shin in sa kananzir da buroshi in wanke wurin, ko in bar shi yadda yake har jami'in ya gani da idonsa?