Tambarin tashar ƙwallo ya ƙi gogewa a fuskar talabijin ɗina ta OLED

Assalamu alaikum. Masu gyaran talabijin, don Allah a taimaka min.

Ina da gidan kallon ƙwallo a wani ƙauye kusa da Ringim. Talabijin ɗin OLED ce mai inci 55, ta hannu na saya a Kano. Hotonta tar, baƙi na fitowa baƙi ƙirin, tunda kowane ɗigon da ke haɗa hoton shi ke ba da haskensa, babu fitila a baya irin ta LED.

Yanzu tambarin tasha da akwatin da ke nuna ci da minti a kusurwar sama sun bar inuwa. Ko na canza tasha suna nan dishi-dishi. Sun fi fitowa a kan ja da ruwan toka, a kan baƙi kuwa ba a ganinsu. 'Yan kallo har sun fara magana.

Na canza wayar HDMI, na cire dikoda na sa fim ta filashi, inuwar tana nan, ke nan ba daga dikoda ba ne. Na rage haske, na mayar da saitin kamfani. Na kunna wankin fuska na cikin saiti, wato shirin da ke daidaita ɗigogin hoton, mai cin kusan awa 1, sai ta ɗan dushe kawai.

Da janareta muke aiki, ana tashi daga wasa ake kashe shi, shi ya sa ba ta samun yin ɗan gyaran da take yi wa kanta bayan an kashe ta da rimot.

Shin in na haɗa mata inbata da batir inuwar za ta fita, ko ɗigogin sun riga sun ƙone sai canjin fuska?