Digirin aikin jarida da sadarwa: zai mayar da kuɗin da aka zuba?

Yayan Amira, Aboabo

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ƙanwata ta gama WASSCE da sakamako mai kyau, kuma ranta na kan karatun jarida da sadarwa, ko a jami'ar UniMAC a Accra ko jami'ar KNUST nan Kumasi. Ni zan ɗauki nauyinta, ɗinki nake yi. Masu sanin harkar su faɗa mini gaskiya: ina kuɗin yake tafiya a shekara huɗun nan, kuma in ta gama akwai albashin da zai riƙe ta?

Tsohon edita, Nima

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya saka maka da wannan zumunci. Fara da tantance abin da za ta karanta, don suna yana ruɗin mutane. UniMAC haɗakar makarantu uku ce: makarantar jarida ta GIJ da aka kafa a 1959, makarantar fim da talabijin ta NAFTI, da makarantar harsuna. Wanda ya shiga ɓangaren jarida, hanyarsa daban da ta wanda ya shiga hulɗa da jama'a ko haɗa fim. A KNUST kuma Communication Design zane ne da aikin hoto a kwamfuta, ba rubuta labari ba.

Batun albashi, ba zan rufe ka ba. Ɗakin labarai shi ne ya fi kowane ɓangare ƙarancin biya. Gidajen rediyo sun kai ɗaruruwa a Ghana, duk kasuwar talla ɗaya suke rububi, shi ya sa ƙananan tashoshi da yawa ke ɗaukar matasa ba takardar aiki, ba a zuba musu kuɗin fansho na SSNIT, sai ɗan alawus da alƙawarin kaso in sun kawo talla. Daga nan yaro ke faɗawa cikin dogaro da soli, kuɗin motar da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro, kuma wanda ya saba da shi alƙalaminsa ya mutu. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa GBC da kamfanin dillancin labarai GNA suna bin tsarin albashin gwamnati, akwai fansho, amma ba kullum suke ɗauka ba. Inda kuɗi yake shi ne sashen hulɗa da jama'a na bankuna, kamfanonin waya, kamfanonin talla da ƙungiyoyin agaji.

Hajiya mai lissafi, Asawase

Ƙanena, ɗauko takarda ka raba lissafin gida biyu. Kuɗin makaranta yana canzawa kowace shekara, don haka ka duba jadawalin bana a shafin jami'ar, ka tabbatar gurbin da aka ba ta na gama-gari ne, ba na masu biyan cikakken kuɗi ba, tazarar tana da yawa. Gwamnati ta fara ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a jami'o'inta a 2025, amma shekara uku na gaba suna kanka, kuma ɗakin kwana ba ya ciki.

Ɗakin kwanan nan shi ke karya mutane. A Accra kuɗin shekara ake nema a dunƙule, sau da yawa yana wuce kuɗin makarantar, ga abinci, ga mota, ga data. In za ta kwana gida Aboabo ta riƙa hawa tiro-tiro zuwa Tech, wato KNUST, ka rage kaso mafi nauyi. Akwai rancen ɗalibai na SLTF, yanzu da Ghana Card ake nema ba sai an kawo mai tsaya mata ba, sai dai bashi ne mai ruwa, ku tambayi malamai ku yanke shawara a gida. Ka kuma ƙara shekara ta biyar a lissafinka: bautar ƙasa, alawus ɗin da aka ɗaga zuwa sidi 715 a 2023 ba ya riƙe mutum a birni, kuma yana makara. In jami'a mai zaman kanta ce, duba ko GTEC, hukumar kula da manyan makarantu, ta amince da kwas ɗin kansa, ba makarantar kaɗai ba.

Mai kyamara, Madina

Baba edita ya yi gaskiya, amma ina ganin hoton bai kai baƙin haka ba ga wanda ya fito da sana'a a hannu. Mai ɗaukar aiki ba ya tambayar maki, cewa yake nuna mini abin da kin yi. Tun shekara ta biyu ta koyi tace bidiyo da Premiere ko DaVinci Resolve, ta iya gyara sauti, ta iya tafiyar da shafin kasuwanci a Facebook da TikTok har ta karanta alƙaluman masu kallo. Kwamfutar da za ka saya mata ta kasance mai RAM, wato ma'ajiyar aikin kwamfuta, GB 16. Mai 8 tana sandarewa da zarar an ɗora bidiyo mai nauyi, aikin awa ɗaya ya cinye dare. Kyamara kada ka yi gaggawa, waya mai kyau da makirufon maƙalawa a riga da ƙafar ɗora waya sun isa farawa. Mutane suna haƙuri da hoto mai rauni, amma ba sa haƙuri da sauti mai ƙara.

Kuma kada ta raina Hausarta. GBC na watsa shirye-shirye da Hausa, BBC da DW da RFI suna da sashen Hausa, ƙungiyoyin lafiya kuma suna neman mai isar da saƙo cikin zango. Mu da yawa muna jin Hausa amma ba ma rubuta ta da ƙa'ida. Wadda ta iya rubutawa da fassarawa, masu gasa da ita kaɗan ne.

Tsohon edita, Nima

Na yarda da kai ɗana, da sharaɗi ɗaya. Wurin horon hutu da wurin bautar ƙasa su ke buɗe ƙofar aikin farko, don haka ta fara neman gurbi wata uku kafin hutu, ta haɗa da aiki biyar da ta yi da kanta. In aka yi mata tayin aiki, ta nemi takarda a rubuce, ta duba ana cire kashi 5.5 na SSNIT daga albashinta, kamfani kuma yana zuba nasa kashi 13.