Jikin ma'aikatana ya yi sanyi, kuma ba ni da halin ƙarin albashi

Mai gidan burodi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina da gidan burodi mai ma'aikata 12 a Tudun Wadan Zariya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin fulawa da sukari da na jigila suke ta hawa, masu saye kuwa sun koma ga ƙaramin burodi. Yanzu makarar ma'aikata ta yi yawa, neman bashinsu ya ƙaru, har babban mai kwaɓina ya fara zancen komawa tuƙin Keke Napep. Ta yaya zan riƙe su?

Tsohon akanta, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma yaranka sun ji labarinta, kuma da ita suke auna abin da kake ba su. Ka tara su ka nuna musu nawa buhun fulawa yake ci da nawa yake dawowa da shi, domin wanda aka ɓoye wa lissafi zato yake yi maigida na danne riba. Ranar biya kuma kada ta gusa.

Mai shagon fotokwafi, Samaru:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai bayani ba ya cika ciki. A 2022, lokacin da yajin aikin malaman jami'o'i ya kai wata takwas kuma ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka watse, ban sallami ko ɗaya daga cikin 'yan matan da ke yi mini aiki ba. Na raba musu ranakun zuwa don kuɗin mota ya ragu, na kuma sa ana dafa abincin rana a tukunya ɗaya. Alhaji, naira ɗari biyar ta mota a hannu kowace yamma ta fi musu alkawarin ƙarin da babu ranarsa.

Ma'aikacin gidan burodi, Kwangila:
Ranka ya daɗe, ni ma a bakin tanda nake kwana. Ba ƙarancin albashi kaɗai yake kashe mana gwiwa ba, har da faɗa a gaban masu sari da yanke kuɗin burodin da ya ƙone ba tare da an tambayi dalili ba. Mai kwaɓinka kuwa, ka keɓe da shi ka yi masa lada a kan kowane buhu da ya haura adadin yini, tun kafin ya karɓo keken.