Ina likitan imajansi zai koyi kula da wanda ya sha guba?

LikitanDare:
Assalamu alaikum. Shekarata biyu a sashen gaggawa na wani asibitin gwamnati. Daren Talata aka kawo min wata yarinya 'yar shekara 17 ta sha fiya-fiya, kumfa na fita ta baki da hanci, ƙwayar idonta ta tsuke kamar bakin allura, kayanta sai warin maganin. Na san allurar atirofin ake bayarwa, amma nawa? Na yi mata kwalba biyu na tsaya, don tsoro nake kada in wuce ƙima. Sai da babban likita ya iso wajen ƙarfe uku ya sa aka fasa kwalabe sun haura talatin kafin ƙirjinta ya bushe. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma ni har yau abin bai bar raina ba. A makaranta dai abin da na tuna lacca biyu ce kan guba a ajin harhaɗa magunguna. Manyanmu, ina ake koyon wannan aikin da gaske?

Dattijo_Konsaltan:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Tsoron da ka ji shi ke kashe masu fiya-fiya a hannunmu, domin a cikin majinarsu suke nutsewa. Gubar da ke cikin fiya-fiya dikilobos ce, tana toshe sinadarin da ke rushe asetilkolin (abin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi), sai ko'ina a jiki ya kama zubar ruwa. Ka fara da atirofin miligiram 1 zuwa 3, bayan minti 5 ka saurari ƙirji. In har yanzu yana ƙara, ka ninka, ka sake ninkawa. Kada ka jira ƙwayar ido ta buɗe, tana makara. Ƙirji ya bushe, bugun zuciya ya haura 80, hammata ba gumi, to ka iso, sai ka koma bayarwa a hankali cikin ƙarin ruwa. Kwalbarmu miligiram 0.6 ce, shi ya sa yawan ke razana ku.

Maganar horo kuwa, a Amurka likita yakan gama ƙwarewa a aikin gaggawa sannan ya ƙara shekara 2 a fannin guba zalla. A Birtaniya suna da TOXBASE, rumbun bayanan guba, likita ya buɗe kwamfuta ya ga abin yi. Amma su yawanci ƙwayoyi ke zuwa musu. Ka nemi abin da likitocin Siri Lanka da Bangaladesh suka rubuta kan magungunan ƙwari, marasa lafiyarsu sun fi kama da namu.

Sista_Imajansi:
Likita, ka ƙara da abin da aka yi a gida kafin a iso gare ka. Shekara 14 ina wannan ɗaki, da wuya a kawo yaron da ya sha kananzir ba a ɗura masa manja ko madara ba, an tura masa yatsa a maƙogwaro. Aman nan ne ke kai kananzir huhu. Mu ma ba a wanke wa irinsu ciki. Kuma don Allah a cire wa mai fiya-fiya tufafi a wanke jikinsa da sabulu, a sa safar hannu, na taɓa kwana da ciwon kai saboda na yi ganganci.

Ɗan_Tangale:
In za ka samu hutu ko na wata guda ne, ka zo asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe lokacin damina. Za ka ga saran kububuwa har ka gaji, ka iya gwajin nan na zuba jini a busasshiyar kwalbar gilashi a bar shi minti 20 a ga ko zai daskare. Likitocin da suka yi aikin gubar dalma a Zamfara a 2010 ma a bakin gadon yaran suka koya.

LikitanDare:
Na gode ƙwarai. Yallaɓai, na rubuta ƙa'idar ninkawar a kwali na manna a bangon ɗakin allura. Da safe na leƙa kabad, atirofin 12 kacal suka rage, naloksoon kuma, mai karya gubar irin su kodin, babu ko ɗaya, ga yaran kodin da taramol kusan kullum. Na kai wa mai kula da magunguna takarda, ya ce in dawo Litinin.